Inshorar mota: ta dubu 5 ko ta dubu 15, kuma me take biya in an yi hatsari?

Abban_Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san harkar inshorar mota ku taimaka min da bayani, don gaskiya kaina ya ɗaure. Takardun motata sun kusa ƙarewa, Corolla ce ƴar 2010, ita nake zuwa aiki da ita ita nake kai yara makaranta, in zan sayar da ita a kasuwar yanzu ba za ta gaza miliyan 8 ba. To yaron da ya saba sabunta min fatikula yace inshora kala biyu ce a wajensa, akwai ta dubu 5 akwai ta dubu 15, kuma wai duk ɗaya ne ba wanda zai tsare ni a hanya in na nuna, bambancin kawai sunan kamfani. Ni kuma abin bai kwanta min ba, ta yaya abu ɗaya zai zama farashi biyu har ninki uku?

Sannan wani abokin aikina yace in bar duk wannan in yi babbar, wadda suke cewa kwamfirihensif, wai ko sace motar aka yi za a biya ni. Da na tambayi kuɗinta sai naji ana maganar dubu ɗari huɗu a shekara, ni ma'aikaci ne albashi nake jira, ga kuɗin makaranta ga mai ga cefane, ina zan samo wannan?

Tambayoyina su ne, wacce ce mafi sauƙin kuɗi wadda kuma ta gaske ce ba takardar banza ba? Ita ta dubu 15 ɗin in na bugi motar wani ko wani ya buge ni me za ta biya, ko dai kawai don ƴan sanda ake yinta? Akwai wani abu a tsakiya, wanda bai kai babbar tsada ba amma ya fi ƙaramar amfani? Na ƙarshe kuma shi ya fi damuna, naji wasu malamai suna cewa inshora haramun ce, to mutum yaya zai yi tunda hukuma ta tilasta? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Ni a ofishin dillalan inshora nake aiki, bari in faɗa maka abin da na sani tsakani da Allah.

Ta dubu 5 ɗin nan kar ka karɓa. Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a ƙasar nan, wato NAICOM, ita take yanka farashin ƙaramar inshora, wadda muke cewa tad fati, kuma tun 1 ga Janairun 2023 ta mayar da ita dubu 15 ga motar gida. Dubu 5 tsohon farashi ne. Ba kamfanin da yake da lasisi da zai sayar maka ƙasa da haka don shi ma hukunta shi za a yi, saboda haka duk wanda ya miƙo maka ta dubu 5 a yau to a kwamfutarsa ya buga ta, ya saka tambarin wani kamfani ko ma sunan kamfanin da babu shi a duniya, kuɗin kuma aljihunsa suka shiga. Kai har ta dubu 15 ɗin ma in ta hannun irin waɗannan yaran ta biyo sai ka bincika, don akwai masu karɓar 15 ɗin cif su baka jabu. Binciken ba wuya, ka shiga askniid.org ka saka lambar motarka, ko ka danna *565*11# a wayarka ka bi abin da aka ce. Wannan rumbun ƙungiyar kamfanonin inshora ne, NIID sunansa, duk inshorar gaske tana hawa can da sunan kamfani da ranar da za ta ƙare. In baka ga motarka ba to baka da inshora, ko da takardar tana sheƙi. Kuma maganar ba wanda zai tsare ka ta wuce, tun 1 ga Fabrairun 2025 ƴan sanda suka fara kamen wannan abu a duk ƙasa, abin da suka sanar a lokacin tarar dubu 250 ce ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun, kuma ma'aikaci zai iya duba lambarka a wayarsa yana tsaye a gefen motarka.

Sai abin da take biya, nan ne mutanenmu suka fi rashin fahimta. Tad fati ba ta gyara motarka. Ko kaɗan. Aikinta shi ne ta ɗauke maka nauyin ɓarnar da KAI ka yi wa wani. Ka bugi motar mutum, ko ka afka shagon wani, ko katangar gida, kamfanin zai biya mai dukiyar har zuwa naira miliyan 3, a da miliyan 1 ne aka ɗaga shi lokacin da aka ƙara kuɗin. In kuma Allah ya kiyaye mutum ka buge ya ji rauni ko ya rasu, shi wannan ɓangaren ba a yanka masa iyaka irin ta dukiya ba, ana duba abin da ya hau kanka ne a shari'ance. To ka duba, a garin nan yanzu ka daki bayan wata jif ka fasa mata danja da bamba, fitila ɗaya kawai za ta iya cinye albashinka na wata biyu, dubu 15 a shekara a kan wannan wallahi ba tsada ba ce. In kuma wani ne ya buge ka, ba kamfaninka za ka je ba, kamfanin shi wanda ya buge ka ne zai gyara maka, shi ya sa jabun nan take cutar kowa da kowa, wanda ya saya da wanda aka buga.

Wani abu da mutane basu sani ba, a cikin dubu 15 ɗin nan har da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, na masu tsallaka boda da mota zuwa irin su Kwatano, Lome ko Akara. In kana irin wannan tafiyar ka ce kamfanin su fitar maka da shi kafin ka tashi.

Ita kuma babbar, lissafin da aka yi maka daidai ne. A sanarwar da ta ƙara kuɗin tad fati dai NAICOM tace kar a yi ta ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota bayan an cire duk wani rangwame, miliyan 8 sau kashi 5 shi ne dubu 400. Ita tana ɗauke da duk abin da tad fati take yi, ta ƙara da gyaran motarka ko kai ne da laifi, da gobara, da sata. Amma ita ma ba komai ba, in injinka ya buga saboda tsufa ko rashin juyen baƙin mai, ko giya ta lalace, ko taya ta fashe ita kaɗai, wannan naka ne, inshora ba garejin bakanike ba ce. Ambaliya da tarzoma kuma wasu kamfanonin suna saka su a ciki wasu sai ka ƙara kuɗi, ka tambaya baki da baki kuma ka gani a rubuce.

A tsakiya akwai abu biyu. Akwai tad fati da aka haɗa mata gobara da sata, ita ba ta gyara maka in kayi karo amma in motar ta ƙone ko an ɗauke ta za a biya. Sannan wasu kamfanoni suna da wani tsari na tad fati mai ƙari, ka biya wani abu sama da dubu 15 su saka maka gyaran motarka zuwa wani ɗan adadi da aka yanka, kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa da farashinsa. Ga mai albashi irinka mai mota ɗaya, ni nan zan ce ka fara leƙawa. Ka nemi farashi a wuri uku ko huɗu, irin su Leadway, AIICO, NEM, AXA Mansard, Custodian, da na takaful wato inshorar Musulunci, ka jera ka gani, ba kuɗi ake biya don tambaya ba.

Dogo_Direba:

Yallaɓai Baban Khalifa bayaninka yayi kyau a rubuce amma mu da muke kwana a titi mun san yadda abin yake. Na daɗe ina jan mota Kano zuwa Kaduna, a tasharmu ban taɓa ganin direba ɗaya da inshora ta biya masa ko sisi ba. In aka yi karo abin da ake yi shi ne jama'a su taru a duba waye da laifi, a kira bakanike ya yanka kuɗi, ciyaman ɗin tasha ya shiga tsakani a roƙi arziki, wani ya yafe rabi wani ya yafe duka ace Allah ya kiyaye gaba kowa ya kama hanyarsa. Wa yake da lokacin zuwa ofis ana ce masa kawo wannan takarda kawo waccan, motarsa tana ajiye iyalinsa suna jiran na cefane? Mu a wajenmu inshora haraji ce kawai, ka biya don a barka ka wuce. Shi yasa mutum yake neman mai araha tunda ya san ko ta nawa ya saya ba abin da zai dawo masa.

Ba wai ina goyon bayan jabu bane, a'a, zalunci ne mutum ya karɓi kuɗinka ya baka takardar ƙarya. Amma su ma kamfanonin ina suke? Ofisoshinsu duk a cikin birni a saman bene, takardunsu duk da turanci ƙanana ƙananan rubutu, ba mai zuwa tasha ya zauna da mu yayi mana bayani da Hausa. In da gaske suna biya su zo su biya mutum ɗaya a gaban jama'a, wallahi washegari layi za a yi.

Maman_Ilham:

Malam Dogo ni an biya ni, shi yasa nace bari in saka baki. Kuma ina ganin dalilin da baka taɓa ganin an biya kowa a tasha ba shi ne yawancin takardun da ke hannun direbobi ba na gaske ba ne, waɗanda nasu na gaske ne kuma ba sa zuwa su nema, to wa za a biya?

Ni babbar nake yi saboda motar bashin ofis ce aka cire min a albashi kuma sharaɗi ne sai da ita. Wata mota ce ta goge ni a shataletale ta lotsa min ƙofofi biyu na gefen direba ta cire madubi, mai motar ko tsayawa bai yi ba. Abin da ya taimake ni shi ne ban matsa daga wurin ba sai da na ɗauki hotuna ta ko'ina, na kira lambar da ke jikin satifiket ɗin a take na sanar da su, sannan maigidana ya raka ni ofishin ƴan sanda na yankin muka karɓo rahoto. Suka turo min fom na cike, suka nemi kwafin lasina da takardun mota da kiyasin gyara daga gareji, suka turo injiniyansu ya zo ya duba motar ya rage wasu abubuwa a kiyasin, daga baya suka turo takardar amincewa na saka hannu kuɗi suka shigo. Ba zan ce ba a sha zirga-zirga ba, an sha, kuma sai da na riƙa bibiya da waya, amma an biya kuma motar ta gyaru.

Abu biyu nake so Abban Hanifa ya sani tun kafin ya saka hannu don kar ransa ya ɓaci daga baya. Na ɗaya akwai abin da suke kira ekses, wato wani kaso na kuɗin gyaran da kai za ka ɗauka da kanka a duk lokacin da ka kawo buƙata, yana nan a rubuce a takardar, in ɓarnar ƙarama ce ba ta wuce wannan adadin ba to ba abin da za su baka. Wani kamfanin za ka ga farashinsa da sauƙi ashe ekses ɗinsa ne babba, araha ba ta ado. Na biyu in motarka tsohuwa ce aka saka mata sabon kaya dal za su iya cewa ka cika wani abu tunda abin da ya lalace ba sabo ba ne. Ni waɗannan biyun aka cire min.

Sannan dan Allah kar ka kai mota a fara bugu da fenti kafin mutuminsu ya gani, wata ƙawata haka tayi don tana sauri za ta yi tafiyar biki, da ta kai musu rasit suka ce ba su ga ɓarnar da idonsu ba, ƙarshe ɗan abin da ta samu bai taka kara ya karya ba. Kuma duk wanda zai ja motar ya zama yana da lasin mai rai, irin ba wa yaro ɗan sakandare mukulli ya je ya sayo burodi, in wani abu ya faru ba ruwansu.

Abu_Sumayya:

Assalamu alaikum. Ɗan uwa Abban Hanifa tambayarka ta ƙarshe ita na zo in taɓa, gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamai.

Gaskiya ne mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita akwai matsala a cikinta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke haka a 1985, dalilinsu babba shi ne garari, wato kana biyan kuɗi tabbas a kan abin da baka san za ka samu ko ba za ka samu ba, kuma baka san nawa ba, wasu malamai kuma suna ƙara da juya kuɗin da kamfanoni suke yi a harkokin kuɗin ruwa. Amma a wannan hukuncin dai suka ce inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta ta halatta, ita ce mafita. Akwai kuma malamai ƙalilan irin su Shaikh Mustafa Zarƙa na Siriya da suka halatta ta gaba ɗaya, a san da wannan saɓanin don kar a riƙa kafirta juna a kan mas'alar ijtihadi. Sannan ko waɗanda suka hana sun yi sauƙi a kan wadda hukuma ta tilasta, tunda ba da zaɓinka ba ne.

To amma mu yanzu Alhamdu lillahi ba mu cikin ƙunci tunda akwai takaful a ƙasar nan da lasisin NAICOM, akwai Jaiz Takaful, akwai Noor Takaful, akwai Salam Takaful da wasunsu. Ba sabon abu ba ne a duniya, a Sudan aka fara kafa kamfanin inshorar Musulunci tun 1979, mu nan ne ya zo mana a makare, sai 2013 hukuma ta fitar da ƙa'idojinsa. Yadda yake shi ne kuɗin da ka bayar ba sayen kariya kayi ba, gudummawa ce ka zuba a asusun mahalarta da niyyar duk wanda musiba ta samu a cikinku a taimaka masa daga ciki, kamfanin wakili ne kawai yana ɗaukar ladan aikinsa da aka sani tun farko, ana juya kuɗin a halal, kuma akwai kwamitin malamai da ke sa ido. In shekara ta ƙare an biya masu buƙata an samu rara, ana raba wa mahalartan da ba su karɓi komai ba. Asalin wannan yana cikin hadisin Ash'ariyyawa da ke Bukhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi SAW ya yabe su.

Kar dai ka shiga da tunanin ta fi araha, farashin tad fati ɗaya ne ko'ina dubu 15 ne, kuma rarar nan ba alkawari ba ce, wata shekarar a samu wata ba a samu ba. Satifiket ɗinsu yana hawa NIID kamar na kowa kuma ƴan sanda suna karɓa.

Malam Dogo kuma, sulhu alheri ne ba mai musu, amma ka tuna sau nawa ake matsa wa wanda aka zalunta ya yafe alhali ransa bai so ba, don kawai wanda ya buge shi talaka ne ba shi da abin biya? Mai adaidaita a karya masa ƙafa, ko a bar marayu, ace a yi haƙuri ƙaddara ce. Ƙaddara ce tabbas amma haƙƙi yana nan, kisan kuskure ma akwai diyya a kansa a nassin Alƙur'ani. In akwai hanyar da dubu 15 za ta sa a sauke wani abu na wannan haƙƙin, ni ina ganin mai tsoron Allah shi ya fi kowa cancantar ya tabbatar tasa ta gaske ce.

Abban_Hanifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam Abu Sumayya ka cire min wani nauyi a zuciya wallahi. Hajiya Maman Ilham na gode da wannan bayani na ekses, ban taɓa jin sa ba.

Baban Khalifa saura tambaya biyu. Wani ya bani shawara wai in ina son babbar da sauƙi in ce musu motar miliyan 4 ce maimakon 8, kaga dubu 200 kenan zan biya, shin wannan dabara ce ko akwai matsala? Sannan wani lokacin in na taso daga aiki ko ranar Asabar nakan ɗan ɗauki fasinja ta manhajar waya don a samu na mai, wannan zai shafi inshorar?

Baban_Khalifa:

Duka biyun akwai matsala Abban Hanifa, kuma gara da ka tambaya yanzu.

Rage darajar mota kanka za ka cuta. Na farko ma yawanci sai sun duba motar sun ɗauki hotonta kafin su karɓa, sun san kasuwa. In ma ta wuce, ranar da aka sace ta miliyan 4 ɗin da ka faɗa ita ce iyakar abin da za ka gani, ka je ka nemo Corolla da ita. In kuma karo ne akwai ƙa'idar da ake bi, tunda rabin darajar ka yi wa inshora to rabin ɓarnar za a biya ka, gyaran miliyan 1 sai a baka dubu 500 sannan a cire ekses a ciki. Ni ma abin da nake gaya wa mutanena kishiyar wannan ne, duk shekara in za ka sabunta ka duba nawa motarka take a kasuwa yanzu, saboda yadda farashin motoci ya tashi bayan faɗuwar naira a 2023 mutane da yawa suna nan da tsohuwar daraja a takarda basu sani ba. Haka in ka ƙara mata daraja fiye da gaskiya ba za a baka sama da kuɗinta na kasuwa ba, ka yi asarar ƙarin da ka biya kawai.

Maganar fasinja kuma, inshorar motar gida an rubuta a jikinta cewa don harkar gida da zuwa aiki ce, banda haya. Ranar da abu ya faru kana ɗauke da fasinjan kuɗi, in suka gano, suna da hujjar ƙin biya gaba ɗaya. Ka gaya musu gaskiya tun farko su baka wadda ta dace da mai ɗaukar fasinja, za ta ɗan fi tsada amma ita ce za ta yi maka aiki, ka kuma tambaya ko ta haɗa da su fasinjojin da ke cikin motar.

In sauƙi kake nema na halal ga inda ake samunsa. Ka saya kai tsaye a shafin kamfanin ko ofishinsu ko wajen dillali mai rajista, dillali ba kai kake biyansa ba kamfani ne yake bashi kamasho, kuma ranar neman biya shi zai yi maka zirga-zirgar. Kuɗin ka tura asusun kamfani ba asusun wani mutum ba, don doka ce in kuɗi basu shiga ba babu kariya. Ka tambaya ko suna yin ta wata uku ko wata shida in ta shekara ta yi maka nauyi a lokaci ɗaya, wasu suna yi. In ka shekara baka nemi komai ba ka tambayi rangwamen rashin hatsari lokacin sabuntawa, sai dai ba zai sauko da kai ƙasa da kashi 5 ɗin can ba. In ka saka tiraka a motar, wato na'urar da ke nuna inda mota take, ka faɗa musu, wasu ma sharaɗi ne a wajensu kafin su saka maka sata a cikin inshorar. Kuma tunda motarka ta kwana biyu wasu kamfanonin za su ja ƙafa a kan babbar, kar ka ji haushi ka gwada wani.

Malam Dogo maganarka ta rashin zuwa tasha gaskiya ce ban musa ba, mu ma a cikin harkar muna faɗa, an bar Arewa a baya wajen wayar da kai kuma laifinmu ne. Amma ga abin da zan roƙe ka, in ɗan tasharku mai takardar gaske ya bugi wani, kar ya yi alkawarin biya a wurin kuma kar ya saka hannu a wata yarjejeniya, ya kira kamfanin tukuna, don in ka riga ka amsa laifi ka biya da kanka sannan ka zo neman a mayar maka za su ce ba da su aka yi ba. In kuma kamfani ya ƙi biya ba dalili ko yana ta ja maka rai, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ka rubuta musu da lambar inshorarka da kwafin duk takardun da kuka yi musaya, kamfanoni suna tsoron wannan fiye da yadda kake zato.

Sadiq_Keke:

Oga Baban Khalifa mu masu adaidaita fa, namu nawa ne? Kuma ni a hannu na sayi nawa, mai shi ya haɗo min da inshorarsa da sauran wata biyar a jiki, zan iya ci gaba da ita?

Baban_Khalifa:

Sadiq na adaidaita dubu 5 ne a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 2, na babur kuma dubu 3 ne, tana biya har miliyan 1. Ta tsohon mai shi ba za ta yi maka aiki ba, da sunansa aka yi yarjejeniyar kuma tunda ya sayar ta tashi, sai dai in kun je kamfanin tare sun amince sun juya ta zuwa sunanka. Ga dubu 5 ni dai ina ganin ka yanki sabuwa kawai bayan ka gama canjin sunan mallaka, sunan da ke jikin inshorar ya zama ɗaya da na sauran takardun, ka bari ta kwana ɗaya ko biyu sannan ka duba lambar keken a NIID ka tabbatar ta hau.